Ranar da Na Yi wa Surukina Tafinta

Kun sha tambayata yadda aka yi na iya Ingilishi, ni da ban taɓa ƙetare iyaka ba sai da furfura ta fito mini. Nakan ce muku a bakin aiki na tsince shi, in kawar da zancen. Ba ƙarya na yi muku ba, amma ko rabin labarin ban ba ku ba. Yanzu da ido ya fara gajiya, innarku kuma ba ta duniya balle ta ce in yi shiru, gara in rubuta muku shi yadda ya faru, kowa ya huta da ƙirƙira. Na ji Sani yana gaya wa 'ya'yansa wai kakanku na Tarka alfahari yake yi da ni saboda Ingilishi. Kai Sani, gyaran babur aka san ka da shi, ka bar gyaran labari. Ingilishin nan shi ya shiga tsakanina da kakanku, kuma bai fita ba har aka kai tsohon makwancinsa.

Sai kun fara sanin yadda muke da shi. Kakanku, mahaifin innarku, makiyayi ne daga cikin masu jin Tamajak. Zangonsu yana kwarin Tarka, kuma shi ne babban da ake jin maganarsa a kan rijiyar da kakanninsu suka gina. Ni kuwa Bahaushen Tanut ne, ɗan mai sayar da hatsi. Da na nemi 'yarsa, da yawa cikin danginsa ba su so ba, amma ya ba ni, ya haɗa mini da abin da ya fi wuyar samu a wurinsu, wato ya ji kunyata. Ku 'yan yanzu kuna ɗaukar kunya tsoro ce ko ƙiyayya. Ko kusa. A wajenmu, balle a wajensu, suruki ba ya kallon fuskar surukinsa, ba ya kama sunansa, ba ya musa masa magana. In na je zango, yana hango ni sai ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ni kuma in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa in karkata gefe. In yi gaisuwa ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon raƙuma. In da magana, sai ta bi ta bakin ɗansa, kawunku Alhuseini, ko da tsakanina da tsohon bai fi tsawon igiyar akuya ba. Da baƙo, da ɗan kasuwa, da jandarma, mutumin nan yakan sauke amawali ya yi raha, ya yi ciniki, ya yi faɗa. Ni yake rufe wa fuska, don ni ɗan gida ne. Mun kusa shekara ashirin a haka, ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, porojen raya ƙasa da nake riƙe wa magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ya tattara ya koma inda ya fito. Na haura arba'in, ga ku reras, ga Iya mahaifiyata a ɗaki, damina kuma ba ta yi abin kirki ba. Ana nan sai wani kamfanin waje ya zo yin hanya, ya kafa sansani a bayan gari. Manyansu ba sa jin Faransanci sai na gaisuwa. Suna neman ɗan ƙasa da zai riƙe musu magaza, wanda zai iya ce musu siminti ya ƙare da harshen da suke ji. Ni kuwa Ingilishin da na baro a kolej bai wuce "wannan alli ne, waccan ƙofa ce" ba, shi ma ya sha tsatsa. Aka ce in je wurin Malam Lawali. Mutumin Damagaram ne da ya daɗe a Ikko yana akawu a wani kamfanin dakon kaya, ciwon ƙafa ya maido shi, ya buɗe butikin sabulu da batir kusa da tasha. Gajere ne, mafaɗaci, ba ya dariya sai wani ya yi kuskure. Na je masa bayan la'asar da ɗan goro, na shiga gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafa, yaya kasuwa. Ya bar ni sai da na kai aya.

"Ka gama?" ya ce. "To da a ofis ne, da tuni an ba wani aikin. Darasin farko ke nan. Gaisuwarsu layi ɗaya ce, ka faɗa ka wuce."

Bai koya mini Ingilishin littafi ba, ya ce ai ba minista zan zama ba. Maganar bakin aiki ya ɗora ni a kai: yadda ake ɗaukar waya a faɗi suna da wurin aiki, yadda ake cewa kaya bai iso ba amma yana hanya, yadda ake roƙon mutum ya maimaita a hankali ba tare da ya ɗauke ka jaki ba, yadda ake ba da haƙuri sau ɗaya a ja baki a yi shiru. Sunayen kaya kuwa, buhu da duro da taya da rasit, nuna mini su yake yi a cikin butiki da bakin tasha, in na kuskure ya wurgo mini sabulu. Duk waɗannan sun shiga kaina ba wuya, don ɗan kasuwa ya haife ni. Inda muka sha fama da shi ba a harshe ba ne. Ya ce mutanen nan in kana yi musu magana kana kallon ƙasa, ɓarawo suke ɗaukar ka. Ni kuwa da na buɗe baki sai idona ya faɗa kan takalminsa. Ran nan ya fusata, ya ɗauko alli ya ɗiga a tsakiyar goshinsa.

"Nan za ka kalla. In idonka ya sauka, kai ke biyan shayi."

Shayin da na saya wa Malam Lawali a watannin nan, Allah kaɗai ya san yawansa.

"Kuma ka kira mutum da sunansa," ya ce, "ko da ya haifi ubanka. Ba ranka ya daɗe, ba yallaɓai. Sannan in abu ba zai yiwu ba, ka ce ba zai yiwu ba. Ku mutanen Damargu in kun ce za a duba, kowa ya san an binne magana. Su kuwa in ka ce za ka duba, jibi suna nan suna tambayarka me ka gani."

Na ce, "Malam, ai wannan rashin kunya ne."

"A zauren ubanka rashin kunya ne. A ofis sunansa aiki."

A gida na zama abin kallo. Da safe sai in tsaya gaban turken awaki ina gaya musu na ji daɗin saduwa da su, ina tambayarsu ko za mu sa ranar taro. Ku kuna laɓe bayan rumbu kuna kwaikwayona, Mariyama ce shugabar shaƙiyyan, har da gyaran murya. Innarku tana daka tana tambayata darasin jiya, duk da ba ta jin ko kalma ɗaya, in na yi in-ina ta ce ai ko ita ta ji ban faɗa daidai ba. Iya ta saurare ni 'yan kwanaki daga bakin ɗakinta, sannan ta kira ni ta ce in fassara mata gaisuwar mutanen. Na fassara.

"Shi ke nan? Ba ina gajiya, ba ina yara?"

"Babu, Iya."

"Allah sarki. Marayu ne, ka bi da su a hankali."

Na sami aikin. Daraktan baƙar fata ne kamarmu, daga gabashin Afirka, sunansa Daniyel, dogo mai tabarau, shi ba mugu ba, shi ba mai sauƙi ba. Ranar farko na kalli tsakiyar goshinsa na kira sunansa tsirara, na ga ko a jikinsa. Ingilishina na siminti ne da man mota, amma ya ishe mu. Kafin sanyi ya fita ya gane ina jin Hausa da Faransanci da ɗan Tamajak na zaman gida, sai ya fara kirana daga magaza duk lokacin da aka zo da ƙorafi, mai gonar da aka tsaga, mai jakin da mota ta firgita. Ba a rubuta mini tafinta a takardar aiki ba, haka nan na wayi gari na zama.

Da rani ya tsananta, aiki ya kai kwarin Tarka. Hanya ta fi raƙumi shan ruwa, don sai an jiƙa ƙasa ake danne ta. Kamfani yana da takardar hukuma ta ɗibar ruwa a rijiyoyin yankin, rijiyar da ta fi kusa kuma ta fi ruwa ita ce ta su kakanku. Motocin tanki suka riƙa sammako da injin tsotso. Kafin makiyaya su jefa guga ruwa ya ja baya, sai a fito da laka. Tsoho ya aika a gaya wa kamfani su dakata sai damina ta faɗi. Wanda ya kai saƙon wani dattijo ne ma'aikacin gunduma, mutumin kirki mai ladabi, ya isar da shi ta bakin akawun kamfani mai jin Faransanci. Daniyel ya ce ba zai yiwu ba. Dattijon ya koma zango, ya ga farin gemu, ya ga jama'a sun kewaye suna jiran bakinsa, sai ya yi abin da duk ɗan halak na ƙasar nan zai yi, ya sanyaya magana. Ya ce darakta yana gaisuwa, ya ji, za a duba. Da an ce wa kakanku maganar Bahaushe ce, da ya gane nan take. Amma an ce masa maganar kamfani ce, shi kuma ya ji labari cewa mutanen nan ba sa faɗin abin da ba za su yi ba. Saboda haka ya hana mutanensa gangarawa da dabbobi rijiyoyin kudu, wajen Belbeji, ya ce a jira, ana dubawa. Aka yi ta jira har maruƙa suka fara kwanciya ba sa tashi.

Wata safiya ina ƙirga tayoyi sai ga Alhuseini a ƙofar magaza, ƙura har gira. Bai zauna ba.

"An ce darakta zai zo zango jibi. Wa zai yi tafinta?"

"Ai akwai dattijon gunduma."

"Shi ya kai mu inda muke. Kai muke so, kai ne namu a cikinsu."

"Tsoho ya san ka zo?"

Ya tsaya gyaran rawani tukuna. "Bai hana ni zuwa ba."

Da ma Daniyel ya riga ya ce da ni za a je. Na same shi a biro, wato ofishinsa, na ce masa babban makiyayan nan mahaifin matata ne. Sai ya washe baki, ya ce madalla, abin ya zo da sauƙi, tsoho zai yarda da maganata. Na yi ƙoƙarin in fahimtar da shi, Ingilishin ya ƙare mini. Malam Lawali ya koya mini yadda ake cewa taya ta fashe, bai koya mini yadda ake faɗin kunyar suruki ba. Na ce ina tsoronsa, na ji ba haka ba ne. Na ce ina girmama shi, Daniyel ya ce shi ma yana girmama nasa surukin, har ƙwallo suke kallo tare. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce in ba zan iya ba in faɗa, ba laifi, aikina na magaza yana nan. Zai nemo tafinta daga Damagaram, sai dai taron ya koma mako mai zuwa ko na bayansa. Ku lura da wannan, don kada wani ya ce muku tilasta mini aka yi. An buɗe mini ƙofar fita.

Na gaya wa innarku da yamma tana tankaɗe. Ta ajiye rariya.

"Gabansa za ka tsaya?"

"Tafinta a tsakiya yake tsayawa."

"Ka kama sunansa?"

"In darakta ya ce a gabatar da mutane."

"Ka kuma ce masa a'a."

"Ba ni zan ce ba, darakta ne."

"Ta bakin wa za ta fito?"

Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin ƙwarya.

"Ubana ne, na san shi," ta ce. "Ba zai yi fushi ba. Da ma fushin zai yi, ai fushi yana hucewa. In ka je, wataƙila dabbobi su sha ruwa, amma ba za ka dawo surukinsa yadda ka tafi ba. In ba ka je ba, nonon da ƙannena ke sha yana cikin dabbobin da ke kwanciya. Ni ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Na auna abin iyakar aunawata, na ga maraƙi ba ya jiran mako mai zuwa. Ba na jin na yi wata jarumtaka, lissafi ne irin na mai magaza.

Muka isa da hantsi a motar katkat, irin mai ratsa rairayi. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata aduwa kusa da rijiya, maza sun zauna da'ira, mata suna can bayan tantuna. Iska tana kawo warin mushe daga gangaren. Kakanku yana tsakiya. Yana ganin na sauko daga motar kamfani sai ya ja amawali har ido, ni kuma ƙafata da kanta ta tuɓe takalmi, na durƙusa na karkata na yi gaisuwa yadda na saba, ya amsa yana kallon raƙuma. Daniyel yana tsaye yana kallona kamar na yar da wani abu ina nema. Daga nan na miƙe, na maida takalmi, na shiga tsakiya na tsaya. Al'adar Daniyel ce in za a buɗe taro kowa ya faɗi sunansa. Ya faɗi nasa, ya miƙa wa tsoho hannu, yana jira. Babban mutum kuwa a wurinsu ba ya shelar sunan kansa, sai dai a faɗa masa. Alhuseini ɗa ne, ba zai kama sunan ubansa a bainar jama'a ba, sauran kuma ba su san abin da ake jira ba. Hannun Daniyel yana nan miƙe a banza. Ya juyo ya tambaye ni sunan dattijon. Na faɗa. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, kuma ko a takardar nan ba zan maimaita ba. Na ji wata tsohuwa ta yi salati daga bayan tanti.

Tsoho bai motsa ba. Ya taɓa hannun Daniyel, ya fara magana da Hausarsa ta kasuwa, fuskarsa tana wajen rijiya. Ya ce an gaya masa ana dubawa, sun jira, yana so ya ji ko an gama dubawar, yaushe motoci za su tsaya. Na juya da Ingilishi. Daniyel ya haɗe gira, ya ce shi bai taɓa cewa zai duba ba. Ya ce in gaya wa dattijo daidai yadda ya faɗa, kada in rage: motoci ba za su tsaya ba sai an gama hanya, yana da wa'adi, yana da takarda.

Wallahi maganar sanyi tana bakina, a shirye, sumul. "Wai yana cewa abin da ɗan wuya, amma in Allah ya yarda." Da na faɗe ta, ba wanda zai zarge ni, Daniyel ba ya jin Hausa, ni kuma in koma gida da surukina. Su kuma su ƙara zama jira. Na ɗaga kai. Tsakanin rawani da amawali ba wurin ɗiga alli, ido ne kawai, shi na kalla.

"Motocin ba za su tsaya ba," na ce. "Ba yau ba, ba gobe ba, sai an gama hanya. Tun farko amsar ke nan. Ba a duba komai ba, ba kuma za a duba ba."

Sai tsoho ya juyo ya dube ni. Ran nan na san idonsa na hagu yana da yana, fari fat, ashe ya daɗe da ido ɗaya yake gani ban sani ba. Ya ɗauki lokaci yana kallona, ba fushi a ciki, ba komai. Sannan ya sa yatsa ya sauke amawali har ƙarƙashin haɓa, a hankali, ya gyara zama.

"To, tafinta," ya ce. "Tambaye shi. Hanyar nan tasa, in ta wuni ba ta sha ruwa ba, mutuwa take yi?"

Na juya. Daniyel ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya bari. Daga nan aka shiga ciniki, kuma ban taɓa ganin ciniki irin na ran nan ba. Na sha jin labarin kaifin bakin kakanku a kasuwa, amma ni ban taɓa ji da kunnena ba, tun da ba ya magana in ina wuri. Ya tambayi tanki nawa ake ɗiba, ya gaya wa Daniyel yadda rijiyar take tarawa cikin dare da yadda take ja baya da rana. Ya ce in dole ne motoci su zo, to su zo bayan azahar, dabba ta riga hanya sha. Ya ce injin da ke tsotse musu ruwa ya fara cika musu komayen shayar da dabbobi da safe kafin ya cika tanki. Daniyel ya yarda da na farko, ya yi gardama a na biyu, sannan ya yarda, ya kuma ce zai karkatar da wasu motocin zuwa wata rijiya mai nisa. Tsoho ya ce a biya dabbobin da suka mutu. Daniyel ya ce a'a. Na ce masa a'a. Ya ce a gina musu sabuwar rijiya kafin damina. Daniyel ya ce ba ya da iko, na ce masa ba ya da iko. Kowace a'a tana fin ta baya sauƙin fita, wannan kuwa ya ba ni tsoro fiye da ta farkon. Wajen azahar aka tashi. Tsoho ya ba Daniyel hannu, ya juyo ya ba ni, irin hannu ɗaya.

A mota Daniyel sai yabona yake yi, ya ce bai taɓa samun taro mai tsabta irin wannan ba a ƙasar nan, ya ce ai ga shi tsoho ya saki jiki da ni. Na yi masa godiya da kalmomin da Malam Lawali ya koya mini, layi ɗaya. Washegari aka raba garke, rabi ya gangara kudu, rabi ya zauna, motoci kuma suka koma zuwa bayan azahar. Mutuwar dabbobi ta tsaya. Da na isa gida innarku ba ta tambaye ni ruwa ba, ba ta tambaye ni motoci ba.

"Ya sauke amawali?"

"Ya sauke."

Ta ce to, ta shiga madafa. In kuna so ku san ko na yi nadama, ban yi ba. In aka maido ni ƙarƙashin aduwar nan yau, abin da na faɗa shi zan faɗa. Amma rashin nadama bai hana abu ciwo, kuma ya yi mini ciwo, yana yi har yanzu. Na yi ta gaya wa kaina cewa abin na ranar taro ne kawai, ya sauke wa kamfani ne ba ni ba, in na koma zango da rigata ta gida ba motar kowa, zai hango ni ya ja abinsa har ido, mu ci gaba daga inda muka tsaya. Na ƙudura in je bayan ruwan farko. Ban kai ga zuwa ba, shi ya zo.

Ranar kasuwar Tanut ce, da hantsi, ina zaure ina shirin fita. Sai na ji sallama da ƙarfi daga waje, muryar da na sani amma ban taɓa jin ta a ƙofata ba.

"Salamu alaikum! Mushe Isufu yana ciki?"

Sunana ne ya kama tsirara, har da mushe ɗin Faransanci da ake kiran ma'aikatan ofis da shi. Na fito ba takalmi. Yana tsaye a rana, fuska a buɗe, yana riƙe da igiyar wani farin rago ƙosasshe, mutanen unguwa masu wucewa kasuwa suna rage tafiya suna kallo. Na tafi zan durƙusa, ya riga ni miƙo hannu, dole na tsaya a tsaye. Ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni aiki, ya tambayi lafiyar darakta, yana fara'a sosai. Na ji motsin innarku a bayan ƙyauren zaure, ba ta fito ba.

"Aikinka ya yi kyau," ya ce. "Dabbobi sun sha, mun gode. Ga la'adarka."

Ya miƙo igiya. Na dubi igiyar, na dubi ƙasa.

"Baba," na ce, "ai ɗa ba ya karɓar la'ada a gidansu."

"Haka ne," ya ce. "Ɗa ba ya karɓa."

Bai janye hannunsa ba. Ragon yana ta ja, yana son inuwa. Na sa hannu na karɓa. Sai ya tambaye ni yadda tiyar gero take yau a kasuwa, na gaya masa.